Garin Kunu Mai Jan Zare

Akwai wani guntun jan zare da na manna da salatif a bangon shagona a Utako, daidai saman kwamfuta. Samarin da ke zuwa neman koyon aiki duk sai sun yi masa kallon gefen ido, wasu har suna zaton wani tsari ne na kiran kwastoma. Nakan bar su da zatonsu har zuwa ranar da ɗaya zai buɗe baki ya ce, "Oga, ai dizayin yanzu a waya ake yi, kafin shayi ya huce an gama." To ranar nan nake jawo kujera in ba shi labarin zaren. Ku ma tunda na ga haka kuke tunani, ku gyara zama.

Ni da buroshi na fara. Maigidana, Malam Ɗanjuma mai fenti, a Suleja yake rubuta allunan shaguna lokacin da rabin Abujar nan daji ce. Aikina na farko wanke buroshi da kananzir, sai shafa wa igiya alli a buga layi a jikin allo, sai yanka haruffa a kwali da reza. Na daɗe kafin ya yarda hannuna ya taɓa fenti. Kuma ko ya yarda, in na gama rubuta allo ba ya dubawa a shago. Sai ya sa in jingine shi a bakin titi, mu tsallaka can ɗaya ɓangaren inda mai lemo ke zama, ya ce in karanta masa. In na ɗan runtse ido kafin in karanta, sai ya ce in je in shafe. Mai shago, in ji shi, ya riga ya san abin da yake sayarwa, mai wucewa ake yi wa allo. Daga baya kwamfuta ta zo, na koye ta a wani shagon buga takardu da yatsa biyu, aka yi mini dariya har aka gaji. Buroshi ya tafi, linzamin kwamfuta ya zo, yanzu ga alƙalamin da ake zane da shi a kan gilashi. Tsallaka titin nan kuwa har yau ban daina ba.

Aikin zaren ya zo ne bayan shekarar kullen korona, shekarar da ta fi kowace muni a sana'ar nan. Ba biki balle katin gayyata, ba taro balle fasta, makarantu a rufe ba mai son kalanda. Babbar firintata a shekarar ta bar shagon nan a bayan a-kori-kura. Muna cikin farfaɗowa, wata ranar damina, wata mata ta shigo tana kakkaɓe lema. Ta ce sunanta Rifkatu, daga Karshi take, wani mai buga rasit ne ya kwatanta mata ni.

Ta buɗe jaka ta ajiye leda biyu a teburina. Ta farko farar leda ce irin ta kasuwa, cike da garin kunu, an ɗaure wuyanta da jan zaren saƙa, ba suna ba komai. Ta biyu leda ce mai sheƙi da inji ya liƙe, da hoton wani jariri ɗan ƙasar waje mai kumatu, da zangarniyar alkama, da suna cikin ruwan zinariya. Gaskiya ta yi kyau. In a kanti na gan ta, zan ce daga jirgi aka sauke.

"Oga Hamisu, abu ɗaya ne a ciki fa," in ji ta. "Gero ne, da gyaɗa, da waken suya, da citta kaɗan. Mamana ne ya fara shi tun ina firamare. Yara da ake yaye, da marasa lafiya, duk shi suke sha. Tun da mun canja leda, kasuwa ya mutu. Kwastoma ba su ko taɓawa."

Na tambaye ta me ya sa aka canja. Ta ce mahaifiyarta, Mama Saratu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, hannun dama ya daina aiki, sai ita ta karɓi sana'ar. Kantunan cikin gari kuma ba sa karɓar abin da ba inji ne ya liƙe ba, haka ma hukuma. Sai ta sayi injin liƙe leda, wani ƙanin mijinta ya haɗa mata zanen a waya. Yanzu ledar ta kusa ƙarewa, kuma ƙarfinta bai wuce ta buga naɗi ɗaya ba. In wannan bai karɓu ba, mijinta ya ce a sayar da injin, matan da ke soya mata gyaɗa da masu tankaɗe kowa ta kama gabanta.

"So nake ka ƙara girman sunan," ta ce. "Zinariyan ya fi haka shainin. Jaririn kuma a canja shi, a sa baƙi."

Ga abu na farko da ba a koyarwa a waya. Kwastoma ya san inda ke masa ciwo, amma maganin da yake zuwa da shi a baki yawanci ba shi ne ba. In ka yi masa abin da ya ce, ya biya ka ya tafi, in abin ya faɗi kuma sunanka ne zai faɗi tare da shi. Na ce mata ni ba na zane ranar farko. Na tambaye ta su wa ke saye, a ina, da wace irin fitila ake ganin ledar, a tsaye take a kanta ko a kwance a faranti. Da na ce ranar kasuwa mai zuwa zan zo Karshi, sai ta yi mini wani kallo, irin na wanda ya kira mai gyaran famfo ya ji yana tambayar tarihin gidan.

Na je. Wanda ya san hanyar Karshi da damina ya san ba don nishaɗi na je ba. Rifkatu ta haɗa ni da wata mai tebur da ake kira Maman Gambo, wadda ta fi kowa sayar musu da garin a da. Na sami benci a bayanta na zauna kamar mai jiran wani, ban ɗauki hoto ba, ban tambayi kowa komai ba. Kunne kawai na kai.

Can sai ga wata Bafulatana, ta gama sayar da nono, ƙwaryarta a ka, goyo a baya. Ta ce, "A ba ni mai jan zare." Maman Gambo ta miƙa mata sabuwar ledar ta ce shi ne, leda kawai aka canja. Matar ta juya ta gaba da baya, ta kalli jaririn, ta ajiye a hankali.

"Wannan ba shi ba ne. Ni ba zan ba ɗana abin da ban san wanda ya ɗaure ba."

Har la'asar ina wurin. Matan gari sun zo, matan barikin 'yan sanda sun zo, wani dattijo ya zo saya wa matarsa da ke kwance. Ba wanda ya ambaci sunan da aka rubuta da zinariya, domin ba wanda ya taɓa sanin garin yana da suna. Kowa mai jan zare yake nema. Abin da ya fi ɓata mini rai, a layi na gaba na ga wasu sun fara ɗaure nasu garin da jan zare, ana saye ana tsaki. Maman Gambo ta ce masu wayo na gane na jabu, don ɗaurin Mama daban ne, amma ta kasa kwatanta mini yadda yake.

Na ce wa Rifkatu ta kai ni wurin Mama. Mun same ta a kujerar roba a ƙofar ɗaki, hannun daman a kan cinya, bakinta ya ɗan karkace amma harshen lafiya lau. Na durƙusa na gaishe ta. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta sa aka ɗauko mata ragowar zaren, wanda ta ce tun asali na saƙar hulunan jarirai ne da suke yi a zumuntar mata, ta ga zai lalace ta fara ɗauri da shi. Ba ta iya ɗaurawa yanzu, sai ta sa Rifkatu ta yi tana ba ta umarni.

"Zagaya biyu. Biyu na ce! Ki shigar da shi ta ƙasa, ki bar kunne ɗaya. Kai, yarinyar nan, buhu kike ɗaurewa? Wutsiya ɗaya doguwa, ɗaya gajera."

Sai da aka kwance aka sake, aka kwance aka sake, kafin Mama ta gyaɗa kai. Na tambaye ta amfanin doguwar wutsiyar. Ta ce in ja. Na ja da yatsa biyu, ƙullin ya warware sumul.

"Ɗana, mai jego hannu ɗaya gare ta," in ji Mama. "Ɗayan yana riƙe da yaro. Ba za ta nemi almakashi ba, ba za ta sa haƙori ba."

A nan na san na sami aikina. Na sa aka sake ɗaurawa, na ɗauki hoton ƙullin ta kowane gefe a hasken rana, na roƙi guntun zaren na sa a aljihu. A hanyar dawowa na yi tunanin ko a riƙa ɗaura zaren gaske a sabuwar ledar, amma ledar inji shafaffiya ce ba ta da wuyan ɗauri, kuma na ga da idona yadda ɗauri ɗaya ya ci wa Rifkatu lokaci. Dole zaren ya koma zane.

Kuna ganin zana zare abu ne mai sauƙi, ko? Layi ne ja kawai. Da fensir na fara a takarda, kamar kullum, don hannu ya fi linzami saurin tunani. Na farkon da na ɗora a kwamfuta, maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo ya ce, "Oga, tana ce a cikin abincin yara?" Ya yi gaskiya, tsutsa sak. Na sirance shi, ya koma kamar jini ya ɗiga. Sai da na sa zaren a ƙarƙashin gilashin ƙara girma na ga abin da ke mai da zare zare: murɗin silin da ke jikinsa, da 'yan gashin da ke tashi a gefe, da inuwar da yake yi inda ya hau kan ɗan'uwansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na bar ledar fara tas kamar ta da, da wata taga a tsakiya da za a ga garin da ido. Zaren ya zagaya ta sau biyu ya ƙulle a gaba, kunne ɗaya, wutsiya biyu. Na cire jaririn, na cire alkamar da babu ita a cikin garin tun farko, na cire zinariyar. Sunan da kasuwa ta riga ta raɗa masa shi na rubuta, da baƙi, ba ƙwalisa. Doguwar wutsiyar kuma na ja ta har bakin ledar, daidai inda injin zai yi ɗan tsagin da ake yagewa. Wanda ya bi wutsiyar ya ja, leda ta buɗe.

Ranar nunawa Rifkatu ta zo da mijinta, Oga Bulus, ma'aikacin gwamnati ne, da takalmi mai ƙyalli. Ni ba na nuna wa kwastoma zane goma. In ka nuna goma, zai ce a ɗauko kan wannan a haɗa da ƙafar wancan. Guda ɗaya na buga a takarda, na naɗe shi a jikin ledar gaske mai gari a ciki, na ajiye a tebur.

Oga Bulus ya daɗe yana kallo. "Malam Hamisu, ka gama ne, ko dai samful ne?"

Na ce na gama.

"Ina bebin? Ina kala? Duk wannan farin wuri, abi ba za a sa komai ba? Da mun bar ƙauye, kai kuma ka mayar da mu."

Ban yi gardama ba, gardama da mijin kwastoma ba ta taɓa haifar da zane mai kyau. Na ɗauki tsohuwar mai zinariya da sabuwar, na jera su a kan benci a ƙofar shago, na ce ya taimaka mu tsallaka titi. Muka ratsa tsakanin motocin tasha da masu turin baro, yana ɗage ƙafar wando. Da muka juyo na ce ya gaya mini abin da yake gani. Mai zinariyar rana ta haske ta, ta zama wani dunƙulen ƙyalli. Ɗayar kuwa ga jan ƙullin nan ɓaro-ɓaro.

Bai ce na yi daidai ba, kuma ban sa ran zai ce ba. Ya ce lambar waya ta yi ƙanƙanta. Na ce wannan gaskiya ne, zan ƙara mata girma, kuma na ƙara. A ko da yaushe ka bar wa mutum abu ɗaya da zai gyara, musamman in gyaran na da amfani. Da muka dawo shago Rifkatu na zaune da ledar a hannu. Na gaya mata a fili cewa bugun leda ba kamar na takarda ba ne, farantin ƙarfe ake sassaƙawa, in an sassaƙa ba gyara, kuma ba zan yi mata alkawarin abin da kasuwa za ta yi ba. Ta kalli mijinta, ta kalli ledar.

"Oga Hamisu, a buga."

Da yawanku a nan kuke tsayawa. Ku tura fayil, ku kashe waya, ku ce aiki ya ƙare. Ni ranar bugu ina masana'antar buga leda tun kafin a kunna inji. Jan da ke kan gilashin kwamfuta haske ne, jan da ke kan leda tawada ce, ba su taɓa zama ɗaya ba. Na farkon da ya fito launin manja ne. Mai kula da injin, wani Bayarabe mai faɗin kafaɗa da ake kira Baba Ibeji, ya ce, "Oga, ja ja ne nau. Mu ci gaba." Na zaro zaren daga aljihu na ɗora a kan ledar. Ya kalla, ya yi tsaki, ya koma wurin tawada. Na biyu ya yi duhu kamar zoɓo. Duk wanda ya fito sai na fita da shi waje na duba a rana, don a rana za a sayar da shi, fitilar masana'anta kuwa ƙarya take yi. Baba Ibeji ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai taurin kai irina ba, na ce na gode. Da muka dace, zaren gaske ya ɓace a kan na zanen, sai da na lalubo shi da yatsa. Sannan muka koma kan tsagin, muka yi ta matsar da shi har ya zauna a ƙarshen wutsiyar.

Ranar kasuwar da aka fara fitar da shi na koma bencin Maman Gambo. Matar farko da ta nemi mai jan zare, da aka miƙa mata sai ta shafa ta ce, "Ai wannan zane ne." Ta ajiye. Ta yi taku biyu, ta dawo, ta sake ɗauka ta kawo kusa da ido. Ta bi zagayen da yatsa, ta tsaya a kan kunnen.

"Amma ɗaurin tsohuwar ne," ta ce. "Tana nan da rai?"

Maman Gambo ta ce tana nan, 'yarta ce ke yi yanzu. Matar ta kwance bakin zane ta saya. Ban jira na biyu ba, na tashi na nufi gidan Mama da leda ɗaya a hannu.

Tana nan a kujerarta. Na gaishe ta na ɗora mata ledar a cinya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta sa farcen hannun hagu tana ƙoƙarin ɗago zaren, ya ƙi ɗagowa. Rifkatu ta buɗe baki za ta yi bayani, na ɗaga mata hannu. Mama ta bar ƙullin, ta bi doguwar wutsiyar da yatsa har bakin ledar. Ta ɗauko hannun daman da ba ya motsi ta danne ledar da shi a cinya, ta kama bakin da hagu, ta ja. Ledar ta buɗe, ƙamshin gyaɗa da citta ya tashi.

Na yi allunan manyan shaguna, na yi tambarin kamfanonin da ke da bene a tsakiyar gari, amma ban taɓa jin alfahari da sana'ata irin na wannan lokacin ba. Rifkatu ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Mama ta ɗanɗana garin a harshe, ta ɗago ta dube ni.

"Ɗaurina ne," ta ce. "Amma ɗana, wutsiyar ta yi gajarta kaɗan."

Na dawo shago na auna zanen da hoton ƙullinta da kuma zaren da kuke gani a bangon nan, na ga ta fi ni gaskiya. A bugu na biyu na ƙara mata tsawo.